Hom-tiyata, Saundba ko Amfilifaya da Sifika Biyu: Wanne Za Ka Kai Falonka?

Cinikin kayan sauti kusan iri ɗaya yake tafiya a ko'ina. Kana tsayawa a bakin shago yaron shagon zai jawo rimot, ya saka wani kiɗa mai nauyi, ya murɗa har kwalayen da ke jibge a bayansa su fara rawa. Ƙirjinka na dukan uku-uku, shi kuwa yana kallon fuskarka yana murmushi: "Alhaji, ka ji aiki? Wat dubu uku ke nan." Haka aka yi mini shekarun baya. Na biya, na ɗora kwali a adaidaita sahu ina ganin na more. Da daddare aka saka tafsiri, sai muryar malam ta fito kamar daga cikin randa yake magana. In na ƙara sauti ɗaki ya ɗauki gunji, in na rage kalmomin su ɓace. Can uwargida ta ce, "Don Allah, maigida, mayar mana da sautin talabijin ɗin." Kayan da suka cinye mini kusan albashin wata ke nan.

Wannan rubutu na wanda yake tsaye a inda na tsaya ne a ranar: kuɗin na hannunsa, ko na falonsa ko na kayan ɗakin 'yarsa, zaɓi biyar kuma na gabansa. Akwai hom-tiyata na kwali ɗaya, akwai saundba, akwai sifiku biyu masu amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi) a cikinsu, akwai amfilifaya daban da sifiku daban, sannan akwai tsofaffin kayan Beljiyam.

## Ma'aunin da za mu ɗora su a kai

Murya. Kunnen matashi mai lafiya yana kama sauti daga girgiza 20 a sakan har zuwa 20,000. Shi ne abin da ake rubuta wa Hz a jikin kwali. Can ƙasa bes ne, gunjin ganga da tsawa. Can sama kaifi ne, irin ƙarar caki da ƙararrawa. Tsakiyar kuwa nan ne mazaunin muryar mutum, da kalangu, da goge, da gurmi. Tsohon tarho mai waya daga 300 zuwa 3,400 kaɗai yake ɗauka, amma har muryar wanda ya bugo kana shaidawa. To dubi abin da ake saurare a gidajenmu: karatun Alƙur'ani, wa'azi, labarai, sharhin ƙwallo, fim, da waƙoƙin da baitinsu ake bi kalma-kalma. Kusan dukansu a tsakiyar nan suke zaune. Sifikar da ba za ta raba maka "ƙ" da "k" ba, ko "ts" da "s", komai girgiza tagar da take yi, ba ta yi maka aikin da ka saye ta dominsa ba. Shi ya sa a wurina wannan ma'aunin ya fi sauran nauyi.

Ƙarfi. A nan ake cin kuɗin mutane. Lambar wat iri biyu ce. Wadda aka rubuta wa RMS ita ce ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da sautin ya dagule ba. Wadda aka rubuta wa PMPO kuwa ba ta da wata ƙa'ida tsayayya; kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Rikicin tsoho ne, don tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, saboda irin wannan zuƙi-ta-mallen. Hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce: juya bayan na'urar, ka karanta wat nawa take sha daga bango. Abin da ke shan wat 60 ba zai amayar da wat 3,000 ba.

Kuma ko lambar gaskiya ce, ba ta kai yadda ake zato ba. In ka ninka wat sau biyu, ƙarin dB 3 kawai za ka samu (dB shi ne ma'aunin ƙarar sauti), ɗan ƙari ne da kunne ke lura da shi. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Sifika mai lambar dB 87 a jikinta, ma'anarta da wat ɗaya tak tana ba da wannan ƙarar a nisan mita ɗaya, alhali hirar mutum biyu ba ta wuce wajen dB 60. NAD 3020, amfilifayar da ta fito a 1978 kuma ta shiga cikin waɗanda aka fi saya a tarihin kayan sautin gida, wat 20 ce a kowane ɓangare. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wuta. Tamu 230 ce a takarda. A zahiri kowa ya san yadda take zuwa: yau rabi, gobe ta zo da ƙarfin da zai fasa ƙwai. Ga janareta, ga inbata, ga sola. Dole a tambayi kowane zaɓi: in wuta ta yi ɓarna, me ke ƙonewa, kuma nawa ne abin da ya ƙone?

Ƙarko da gyara. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallin murɗawa ya fara ƙarƙar. Zafin bazara yana busar da kafasito, ƙananan kayan da ke riƙe wuta a cikin na'ura. Lissafin masu ƙera su shi ne duk ƙarin digiri 10 na zafi yana cinye rabin rayuwarsu. Sai kuma tambayar da ba a cika yi a shago ba: mai gyaran rediyon unguwa zai iya taɓa ta?

Sauƙi da kuɗi. Yara da tsofaffin gida za su iya kunnawa in ba ka nan? Farashi kuwa yana bin dala, na wannan watan ba na wancan ba ne, don haka da juna zan auna su.

## Hom-tiyata na kwali ɗaya

Shi ne sarkin kayan ɗakin amarya: wufa ɗaya babba, wato akwatin bes, ƙananan sifiku biyar, fitilu masu canja launi, rediyo, wurin filas, Bluetooth, duka a farashin da bai kai na sauran ba. Ga cika ido. Wanda ya shigo ganin ɗaki zai ce an kashe kuɗi.

Matsalarsa daga ƙirarsa take. Ƙananan sifikun nan yawanci inci biyu ko uku ne a cikin kwandon roba mara nauyi, ba sa iya sauka ƙasa sosai. Don haka sai a ɗora wa wufa aikin da ba nata ba. A tsarin da aka yi da kyau, wufa tana tsayawa wajen Hz 80, inda kunne ba ya gane daga ina sautin ke fitowa. A waɗannan kuwa tana hawowa sama da haka nesa, alhali tushen muryar namiji tsakanin 85 da 180 yake. Sakamakon shi ne rabin muryar malam na fitowa daga akwatin da ke ƙasa a lungu, rabi daga 'yar sifikar da ke kan teburi. Randar da na ji a daren nan ke nan.

Sai batun sifiku biyar ɗin. Biyu daga ciki an yi su ne don a ajiye a bayan mai sauraro. A gidaje nawa ka taɓa ganin an yi haka? Jera su ake yi a gaban talabijin kamar kwanukan jere. Ko an ja wayar zuwa baya ma, yawancin abin da muke kunnawa daga waya ko filas sauti ne mai ɓangare biyu, hagu da dama. Na'urar ce kawai ke watsa shi ga sauran.

Wajen wuta, allon da kayan lantarkin amfilifayar ke kai yana cikin wufa ko cikin na'urar faifan. In ya ƙone, komai ya tsaya. Wasu manyan kamfanoni ma sifikunsu na ohm 3 ne (ohm shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta), masu bakin waya na musamman, ba za ka ɗauka ka jona da wata amfilifayar hankali kwance ba. Masu arahar dai ana gyara su, don kayan cikinsu sun cika kasuwa, sai dai gyaran yakan zama na wata-wata.

## Saundba

Doguwar sifikar nan mai kama da sanda da ake shimfiɗewa ƙarƙashin talabijin. An yi ta ne don magance ciwo guda: talabijin ta zama siririya, sifikunta sun koma ƙanana suna kallon ƙasa ko bango. Wannan aikin kuwa tana yin sa. Masu kyau daga Samsung, LG, Sony, JBL ko Yamaha suna fito da murya fes, da yawa ma suna da maɓallin da ke ɗaga magana sama da kiɗan fim.

Babu wanda ya kai ta sauƙi. Waya ɗaya daga ramin da aka rubuta wa HDMI ARC a bayan talabijin, shi ke nan. Rimot ɗin talabijin ne zai riƙa ƙara sauti da ragewa. Tsarin ARC ya zo ne a 2009, don haka a yawancin talabijin na zamani za ka same shi, amma duba da idonka kafin ka biya.

Inda take gazawa shi ne kiɗa. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya ba, hagu da dama suna maƙale da juna, sai makaɗa su cure a wuri guda maimakon su bazu a gabanka. Masu tsadar da aka rubuta wa Dolby Atmos, tsarin da ke sa ka ji sauti kamar daga samanka, suna harba sauti sama ne ya daki silin ya dawo, abin da ke buƙatar silin shafaffe mara tsayi sosai. Falon da aka yi wa POP mai hawa-hawa, ga fanka na juyawa a tsakiya, kuɗin Atmos ɗin nan sadaka ka yi da shi.

Haɗarinta a rufe take. Wufarta mara waya da ita kaɗai take magana; in ɗaya ta mutu, ɗayar ta zama marainiya, ba za ka aura mata ta wani kamfani ba. Kayan allon cikinta ƙanana ne ƙwarai, mai gyara da yawa zai buɗe ya mayar ya ce sai dai sabo.

## Sifiku biyu masu amfilifaya a ciki

Wannan zaɓin mutane ba su cika saninsa ba, kuma a ganina shi ne ya fi ba da sauti mai tsabta a kan kowace naira. Akwati biyu ne na katako, kowanne da babbar sifika ta inci huɗu ko biyar da ƙaramar kaifi a samanta, amfilifayar na cikin ɗayansu. Edifier R1280T misali ce: inci huɗu, wat 42 na gaskiya in an haɗa ɓangarorin biyu. 'Yar'uwarta R1280DB ta ƙara da Bluetooth da ramin wayar haske, mai rubutun Optical, wanda yawancin talabijin ke da shi. Sama da su akwai irin waɗanda ake gani a situdiyon ɗaukar waƙa, kamar Yamaha HS5 da JBL 305P, masu inci biyar.

Da yake duk kuɗin a sifika biyu aka zuba maimakon shida, kowace ta samu rabo mai tsoka. Murya tana fitowa daga wuri ɗaya, cikakkiya. In ka raba su da kamar mita biyu ka zauna a tsakiya, za ka ji mai karatu kamar yana zaune a tsakanin akwatunan, wurin da babu sifika ko ɗaya. Ranar da na fara jin wannan sai da na tashi na leƙa bayan talabijin.

Bes ɗinsu na hankali ne: za ka ji ganga sarai, amma kujera ba za ta girgiza ba. A babban falo sukan gaza. Na situdiyon kuma suna da tasu rigimar: kowace da wayar wutarta, babu rimot, babu Bluetooth, kuma ba sa rufa wa kowa asiri; waƙar da aka ɗauka da gaggawa za su nuna maka ita tsirara. Wajen wuta, matsalarsu irin ta hom-tiyata ce, amfilifaya na cikin akwati, sai dai allonsu ya fi sauƙin kai wa ga mai gyara.

## Amfilifaya daban, sifiku daban

Tsohuwar hanya, kuma har gobe ita ce ta masu son sauti da gaske. Ka sayi amfilifaya, misali Yamaha A-S301 mai wat 60 a kowane ɓangare ko Denon PMA-600NE mai wat 45, ka haɗa da sifiku biyu daga irin su Wharfedale, Polk, Q Acoustics ko ELAC. Ita ce mafi tsada a tashin farko, kuma ba kowane shago ke ajiye su ba. Sau da yawa sai an yi odarsu daga Legas ko waje.

Abin da kake saya da wannan kuɗin shi ne rabuwar kaya. Sifika irin wannan ba ta shan wutar bango ko kaɗan. Katako ne, da maganaɗisu, da naɗin waya. Duk haukan da wuta za ta yi, a amfilifaya take tsayawa galibi. Sifiku masu kyau suna shekara ashirin suna aiki, ka canja amfilifaya biyu ko uku a kansu. In kuɗi ya samu ka ƙara wufa. In sabon salon jona waya ya fito, 'yar na'ura ƙarama za ka saya, ba sabon kaya gaba ɗaya ba.

Akwai wata ƙofa da ta buɗe a 'yan shekarun nan, wadda ta dace da mu ƙwarai. Amfilifayoyi na da, 'yan ajin AB, kusan rabin wutar da suke sha zafi take zama. 'Yan ajin D kuwa wajen kashi 90 cikin ɗari suke mayarwa sauti. Kamfanoni irin su Fosi Audio, Aiyima da SMSL suna yin su ƙanana, ba su fi tafin hannu biyu ba, da araha, kuma cajarsu a waje take kamar ta kwamfutar tafi-da-gidanka. In wuta ta yi ta'adi, sau da yawa cajar ce ke tafiya, ka sayi wata. Ga mai sola wannan ba ƙaramin abu ba ne: ba sa jan batir, ba sa ɗumama ɗaki. Shawarata ga mai matsakaicin aljihu ita ce ya zuba kaso mafi girma a sifiku, ya fara da irin wannan 'yar amfilifayar.

Abu biyu za ka kiyaye. Duba ohm ɗin sifika, 4 ne ko 6 ko 8, ka tabbata amfilifayar ta yarda da shi. A bayanta ake rubutawa. Na biyu, ƙaramar amfilifaya da aka murɗe ta har ƙarshe ta fi babba saurin ƙona sifikar kaifi, don sautin da take fitarwa a lokacin a yanke yake. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage. A gidan da yara ke riƙe da rimot, wannan haɗari ne na gaske.

## 'Yan Beljiyam

Technics, Pioneer, Kenwood, Sansui, Marantz, Sony, na shekarun 1970 zuwa 1990. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma in ka dace za ka samu sautin da ya yi kafaɗa da na sabon da ya ninka shi kuɗi. Kayan cikinsu manya ne, a fili suke, tsohon mai gyaran rediyo ya san su kamar yunwar cikinsa. Amma caca ce, kuma ba a mayar da kaya.

Abu na farko, tun kafin a jona, karanta bayanta. Ta Turai 220 zuwa 240 ce, daidai da tamu. Ta Amurka 120 ce, ta cikin gidan Japan 100. In ka soka ɗaya daga cikin biyun nan a bangonmu ba tare da taransifomar rage wuta ba, hayaƙi za ka gani. Sai sifikun: cire ragar gaba ka dubi zoben da ya kewaye bakin. In na soso ne, taɓa shi a hankali. Wanda ya tsufa marmashewa yake kamar busasshen burodi. Na roba ko na yadi sun fi daɗewa. Tura tsakiyar sifikar da yatsu a hankali: in ka ji gogayya, naɗin ciki ya taɓu. Kai kunnenka dab da ƙaramar ta sama, don sau da yawa ta mutu tuntuni, mai kaya ya ƙara bes ya rufe. Murɗa kowane maɓalli, karkatar da sauti hagu sannan dama, ka bar ta tana aiki rabin awa kana hira da mai shago. Wadda ke da ciwo zafi ne ke tona ta.

Ba su da Bluetooth, amma 'yar na'urar karɓa mai araha tana magance wannan. Suna da nauyi, suna shan wuta, kuma a kan inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, taransifomar cikinsu takan yi ta gurnani.

## A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Murya | Bes | Kuɗi | Ƙarko da gyara | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Hom-tiyata na kwali | Rauni | Mai yawa, a dagule | Mafi araha | Gajere, ana gyarawa | Wayoyi da yawa | Allo ya ƙone, komai ya tsaya |
| Saundba | Kyau | Daidai in da wufa | Matsakaici zuwa tsada | Matsakaici, gyara da wuya | Mafi sauƙi | Ba a canja ɓangare ɗaya |
| Sifiku masu amfilifaya | Kyau sosai | Kaɗan, mai tsabta | Araha zuwa matsakaici | Matsakaici | Sauƙi | Gazawa a babban falo |
| Amfilifaya da sifiku daban | Mafi kyau | Gwargwadon girman sifika | Mafi tsada | Mafi tsawo | Sai an koya | Ƙona sifikar kaifi |
| Beljiyam | Daga banza zuwa madalla | Yawanci cikakke | Araha | Ya danganta, gyara da sauƙi | Sai an koya | Wutar 100 ko 120, ɓoyayyen ciwo |

## Abin da kwali ba ya faɗa

Rabin sautin da ke isa kunnenka ba daga sifika yake zuwa kai tsaye ba, daga bango da daɓe yake dawowa. Tsaya a tsakiyar falonka ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wata 'yar ƙara na bin tafin, ɗakin zai ɓata maka ko wace irin sifika. Falon zamani mai tayil, bangon siminti tsirara da teburin gilashi shi ne mafi muni. Falon iyayenmu mai kafet bango-bango, labule mai kauri da kujerun yadi ya fi shi daɗin sauti nesa ba kusa ba. Shimfiɗa kafet tsakaninka da sifiku yakan kawo canjin da ƙarin kuɗin amfilifaya ba zai kawo ba.

Wurin ajiya kuma kyauta ne. Nisan da ke tsakanin sifiku biyun ya zama kusan daidai da nisan kowace zuwa inda kake zama, ƙaramar sifikar kaifi ta zo saitin kunnenka in kana zaune. Kada ka ɗora su can saman kabad, kada ka cusa su cikin ramin shoglas. Ja su daga bango ko da taƙi ɗaya ne ko biyu. Lungu yana kumbura bes. Igiyar sautin Hz 50 tsawonta ya kusa mita bakwai, ya fi faɗin yawancin ɗakunanmu, shi ya sa a kujera ɗaya bes zai cika maka kai, ka matsa gefe ka neme shi ka rasa. Hakanan shi ya sa maƙwabci ke jin gunjin wufarka ta katanga ba ya jin waƙar.

Sai abin da kake zuba wa na'urar. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗauke da kilobit 1,411 a sakan, wato yawan bayanan sautin da yake bayarwa. MP3 mai kyau 320 ne, na gama-gari 128. Wanda aka naɗa da waya a wurin taro, aka yi ta tura shi daga wannan zaure zuwa wancan, sai abin da hali ya yi. Sifika mai kyau ba ta gyara wannan, ƙara tona shi take. Wayar sifika kuwa, ta jan ƙarfe mai ɗan kauri ta wadatar. Wanda ya ce maka akwai wata mai tsada da ke ƙara zaƙin sauti, aljihunka yake kallo. Kuɗin nan kai shi ga sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, kuma da hadari ya haɗo ka zare filogi.

Ranar saye, tafi da naka abin saurare a filas: karatu ɗaya da ka haddace muryar mai yinsa, labarai, da kiɗan gargajiya mai kalangu. Ka roƙi yaron shago ya mayar da bes da kaifi tsakiya, ya rage sauti zuwa yadda za ka ji a gida bayan isha'i. An ce gani ya kori ji. A wannan cinikin juya maganar ake yi, don haka rufe ido ka saurara. In kana jin numfashin mai karatu tsakanin aya da aya a wannan ƙaramin sautin, kayan sun ci jarrabawa.

## Wa ya dace da wanne

In talabijin ce rayuwar falon, fim da ƙwallo da labarai, kuma gida ne mai yara da baƙi, sayi saundba mai ARC daga kamfanin da aka sani. Mai ɓangare biyu ko uku da wufa ta isa, bar Atmos.

In ɗaki ne ɗaya ko ƙaramin falo, karatu da wa'azi da kiɗa kake ji daga waya, kuɗin kuma a ƙirge suke, sifiku biyu masu amfilifaya a ciki ne naka. Su nake ba ɗalibi da sabon ango shawara.

In kayan ɗakin amarya ne, na san magana ta gaskiya: dangin miji za su zo gani, kuma akwati biyu ba sa cika ido kamar shida. Hajiya, in ba yadda za a yi sai hom-tiyata, zaɓi wanda ƙananan sifikunsa suka fi girma da nauyi, na katako, ki manta da lambar wat, ki haɗa mata da sitabilaiza a cikin kayan. In kuwa amaryar aka tambaya, kuma mai kallon fim ce, saundba za ta fi yi mata amfani.

In kana zama musamman don ka saurara, kana kuma son abin da zai kai ka shekaru, sayi sifiku mafi kyau da aljihunka zai ɗauka, ka haɗa da amfilifaya daban. Mai sola ya ɗauki 'yar ajin D. Mai babban falo ya nemi dogayen sifiku na tsaye, ko ya ƙara wufa daga baya.

In kana da amintaccen mai gyara da zai raka ka kasuwa, kuma asarar kuɗin ba za ta hana ka barci ba, Beljiyam na iya ba ka abin da ya fi kuɗinka. In ba ka da shi, sayi sifikun kaɗai a Beljiyam bayan ka duba zobensu, amfilifayar ka saye ta sabuwa.

In kuwa don suna da biki ne, ko tsakar gida, ko majalisar ƙofar gida, duk biyar ɗin nan ba naka ba ne. Babbar sifikar nan mai batir da taya da makirfo za ka nema, wadda ake ja kamar akwatin tafiya. A fili aka yi ta ta yi aiki, a can kuma za ka bar ta.